Ganin Likita Ta Waya: Darasin da Annobar Korona Ta Bar Mana a Garwa da Kewaye

 Darasinmu na wannan karo ya shafi wata ɗabi'a da ta bunƙasa a zamanin annobar korona, har yanzu kuma tana nan tare da mu, wato neman shawarar likita ta wayar hannu. Abin da muke so ka riƙe shi ne: waya tana kai maganarka ga likita, amma hannunsa da kayan awonsa suna can inda yake. Saboda haka ganawa ta waya tana yin amfani ne idan an sami wani kusa da majiyyaci wanda zai auna abin da likita ba zai iya aunawa daga nesa ba, idan kuma majiyyacin ya san lokacin da ya kamata ya ajiye waya ya kama hanyar asibiti.

Yadda abin ya faro

Ranar 6 ga Maris 2020 hukumomin lafiya na Kamaru suka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona, a birnin Yawunde. Ranar 11 ga watan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya. Ranar 17 ga watan kuma Firaminista Joseph Dion Ngute ya sanar da matakai 13, ciki har da rufe iyakokin ƙasa da na sama da na ruwa, da rufe makarantu, da hana taron da ya wuce mutum 50. Ma'aikatar lafiya ta ware lambar waya ta kyauta, 1510, domin masu alamun cutar. Najeriya kuwa tun watan Agusta na 2019 ta rufe iyakokinta na ƙasa.

Wannan ya taɓa mutanen kwarin Binuwai ƙwarai, domin dangi ɗaya ne a ɓangarori biyu na iyaka, kuma an saba ƙetarewa neman magani. Ga shi yawancin ƙwararrun likitocin Kamaru suna Yawunde da Duwala, tsakanin Garwa da Yawunde kuwa akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000. Sannan tsoro ya hana mutane da yawa zuwa asibitin da ke kusa da su, wasu don gudun kamuwa, wasu don gudun a killace su. Ciwon sukari da hawan jini da zazzaɓin cizon sauro kuwa ba su tsaya jiran annoba ta wuce ba.

Duba majiyyaci daga nesa ya girmi korona a Kamaru. Wani injiniya ɗan ƙasar, Arthur Zang, ya ƙera na'urar Cardiopad, wadda ma'aikacin jinya a ƙauye zai auna bugun zuciyar majiyyaci da ita, ya aika sakamakon ga likitan zuciya a birni. Ya sami lambar yabo ta Rolex a kanta a 2014. Sai dai abin da akasarin jama'a suka yi amfani da shi a lokacin annobar ya fi wannan sauƙi: kiran waya, da saƙon murya, da hoto ta WhatsApp.

Abin da majiyyata suka yaba

Waɗanda suka fi jin daɗin wannan hanya su ne masu daɗaɗɗen ciwo da likita ya riga ya san su. Mai hawan jini wanda ake bin lafiyarsa shekara da shekaru, idan aka auna jininsa a ƙaramin asibitin unguwa ya karanta wa likitansa lambar, sau da yawa ya wadatar a ce masa ya ci gaba da maganinsa ko a gyara masa adadi. Ya huta da kuɗin mota, da kwana a gidan dangi, da dogon layi. Manomin auduga bai bar gonarsa kwana biyu ba. Matar da fitarta ke buƙatar shiri da ɗan rakiya ta sami amsar tambayarta tana cikin ɗakinta. Saƙon murya ma ya taimaki waɗanda ba su yi karatun boko ba, domin mutum zai faɗi damuwarsa da Fulatanci ko Hausa, ya kuma maimaita sauraron amsar sau nawa ya ga dama.

Abin da suka koka da shi

Koke na farko shi ne yankewar layi. Ana tsakiyar bayani sai murya ta ɗauke, ko kati ya ƙare, ko caji ya mutu a ranar da babu wuta. Na biyu shi ne harshe: likita yana Faransanci, majiyyaci yana Fulatanci, tafinta kuwa yaro ne ɗan makaranta wanda uwarsa ke jin nauyin faɗa masa ainihin inda ke mata ciwo. Na uku shi ne sirri, domin a gidaje da yawa waya ɗaya ce, tana hannun maigida. Na huɗu, wanda ya fi kowanne yawa a bakin dattawa, shi ne cewa likitan bai taɓa jikinsu ba, don haka zuciyarsu ba ta kwanta ba.

Wannan koke na ƙarshe yana da tushe a ilimin likitanci. Likita yana gane cuta ta hanyoyi huɗu: ya yi tambaya, ya duba da ido, ya taɓa ya kuma saurari ƙirji, sannan ya sa a yi gwaji. Waya tana ba shi hanya ta farko, da ɗan wani abu daga ta biyu idan hoto ya fita sosai. Sauran biyun suna hannun wanda ke kusa da kai. Ɗauki misalin zazzaɓi. Zazzaɓin cizon sauro da korona da taifot duk suna iya farawa da zafin jiki da ciwon kai da kasala, kuma babu likitan da zai rarrabe su da jin murya kawai. Ɗigon jini daga ɗan yatsa a kan abin gwajin gaggawa yana nuna zazzaɓin cizon sauro cikin minti 15 zuwa 20. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Don haka duk wanda ya rubuta maka maganin zazzaɓi ta waya ba tare da ya tura ka gwaji ba, ya bar aikin a rabi.

Yadda za ka shirya kafin kira

1. Ka fara biyawa ta cibiyar lafiya mafi kusa, ko wurin ma'aikacin lafiya na unguwarku, a auna maka zafin jiki da hawan jini da nauyi, da sukari idan kana da ciwonsa. A rubuta maka lambobin. Zafin jiki daga digiri 38 zazzaɓi ne. Awon jini da ke kai 140 bisa 90 a kai a kai hawan jini ne.

2. Ka ajiye littafin asibitinka, wanda ake kira karne, a gabanka, tare da kwalayen duk magungunan da kake sha, har da na gargajiya. Ɓoye wa likita jiƙo ko sassaƙen da kake sha cutar da kai ne.

3. Ka tsara bayaninka: yaushe ciwon ya fara, a ina yake, me ke ƙara shi, me ka riga ka sha. Mace ta faɗi ko tana da ciki ko tana shayarwa tun kafin a tambaye ta.

4. Ka cika caji, ka tanadi kati, ka nemi wurin da layi ke da ƙarfi kuma babu hayaniya. Ku yi yarjejeniya tun farko kan wanda zai sake kira idan layi ya yanke.

5. Idan ana buƙatar tafinta, majiyyaci ne zai zaɓi wanda ya amince da shi. Ya fi kyau mace ta fassara wa mace.

6. Kada ka karɓi sunan magani da baki. Ka roƙi a rubuto shi, da adadi, da lokutan sha, da yawan kwanaki. Kafin ku rabu ka maimaita wa likita abin da ka fahimta, ka kuma tambaye shi alamar da idan ka gani za ka tafi asibiti nan take.

Kula ta musamman ga mazauna bakin iyaka

Magani ɗaya yana iya ɗaukar suna biyu. Doliprane da Efferalgan da aka sani a Kamaru da Chadi, da Panadol da aka sani a Najeriya, duk farasitamol ne. Wanda ya haɗa su yana zaton magunguna daban-daban ne ya ninka adadi, yawan farasitamol kuwa yana lalata hanta. Ka riƙa tambayar sunan asalin sinadarin, ka kuma sayi magani a kantin magani mai rajista, ka guji na tire da na bakin kasuwa.

Awon sukari ma ya bambanta. Takardar gwaji ta Garwa za ta iya nuna 1.26 a ma'aunin giram cikin lita, ta Yola ta nuna 126 ko kuma 7 a nata ma'aunin, alhali duk adadi ɗaya ne. Maimakon karanta lambar da baki, ɗauki hoton takardar gaba ɗaya ka aika. Ka kuma lura cewa kusa da iyaka waya takan kama layin maƙwabciyar ƙasa da kanta, kati ya ƙare da sauri.

Lokacin da za ka ajiye waya ka tafi asibiti

Akwai alamun da ba a jinyarsu ta waya ko da wane likita ne a kan layi. Idan ka ga ɗaya daga cikinsu, nemi abin hawa, ka yi kiran kana kan hanya:

Wahalar numfashi, ko ciwon ƙirji mai tsanani.
Karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko sarƙewar magana farat ɗaya.
Suma, ko jijjiga, ko ruɗewar hankali.
Zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya, musamman a watannin zafi da ƙura, lokacin sanƙarau.
Gudawa kamar ruwan shinkafa tare da amai. A fara ba da ruwan gishiri da sukari tun a hanya.
Zubar jini ga mai ciki, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani da kumburin fuska, ko daina motsin ɗan tayi.
Zazzaɓi ga jaririn da bai kai wata 2 ba, ko yaron da ya kasa shan nono, ko yake amayar da duk abin da ya ci.
Saurin numfashi ga yaro mai tari: sau 50 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa 11, sau 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5.
Saran maciji. Kububuwa ta yi yawa a kwarin Binuwai, dafinta yana hana jini daskarewa, maganinsa kuma allura ce da ake yi a asibiti. Kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau.

Sirrinka da dukiyarka

Annoba takan fito da mayaudara. Duk wanda bai faɗi cikakken sunansa da asibitin da yake aiki ba, ko ya nemi ka tura kuɗi ta waya kafin ya ji damuwarka, ko ya yi alkawarin magani ɗaya mai warkar da kowace cuta, ka nisance shi. Lambar likita ka karɓe ta daga cibiyar lafiya, kada ka ɗauko ta daga saƙon da ake yaɗawa. Kada ka aika hoton tsiraici ga kowa; ciwon da ke irin wannan wuri a ɗakin duba marasa lafiya ake ganinsa. Idan wayar ta aro ce, goge saƙonni da hotuna bayan ka kwafe abin da kake buƙata cikin karne. Kai kuma maigida, idan iyalinka za su yi magana da likita, ka miƙa wayar ka ba su wuri. Wannan ma yana cikin kula da iyali.

Kammalawa

Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya. Iyakoki sun buɗe, amma nisan Garwa da Yawunde bai ragu ba, damina kuma tana yanke hanyoyin ƙauyuka kowace shekara. Saboda haka za mu ci gaba da buƙatar waya. Tun yau, kana da lafiya, ka san ma'aikacin lafiyar da ya fi kusa da gidanka, ka rubuta lambar cibiyarku a bangon karne, ka kuma san mai babur ko mai motar da za ka tasa da tsakar dare. Riga-kafi ya fi magani.

Tambayoyin bita domin tattaunawa a gida ko a majalisa

1. Waɗanne hanyoyi huɗu likita ke bi wajen gane cuta, kuma waɗanne ne waya ba ta iya ba shi?
2. Me ya sa ba a shan maganin zazzaɓi kafin gwajin jini?
3. Kawo alamu biyar da ke wajabta tafiya asibiti nan take.
4. Wane haɗari ke cikin haɗa Doliprane da Panadol?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kare mu da zuriyarmu daga annoba, amin.