Yoga ta Hutawa: Yadda Za Mu Koyi Hutar da Jiki

Aiki ba ya ƙarewa

A Dakusa, kamar sauran garuruwan ƙasar Damagaram, yaro yana da aiki mai yawa. Tun da asuba ake tashi. Ƴan mata su tafi rijiya, su yi shara, su taya iyayensu daka. Ƴan maza su kora dabbobi ko su nemo icce. Sannan a tafi makarantar allo, a tafi lakwal. Da damina ga shuka, ga noma. Da bazara kuwa, a watan Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40.

Aiki abu ne mai kyau. Amma jikin da bai huta ba yana gajiya, hankali ma haka. Ɗalibin da ya gaji yakan yi gyangyaɗi a cikin aji. Malam ya yi bayani, shi bai ji ba. Ya manta abin da ya karanta jiya. Abu kaɗan ya yi fushi da abokinsa.

Wasu suna tsammani hutawa lalaci ce. Ba haka ba ne. Malalaci yana gudun aiki. Mai hutawa kuwa ƙarfi yake tarawa don ya koma aiki. Manomi ya san wannan, shi ya sa yake barin gonar da ta gaji ta yi saura shekara biyu ko uku. Iccen gawo ma yana zubar da ganyensa da damina, ya sake tohowa da rani. A wannan darasi za mu ga cewa ana koyon hutawa kamar yadda ake koyon rubutu da lissafi.

Mene ne yoga?

Yoga hanya ce ta horar da jiki da numfashi da hankali. Asalinta daga ƙasar Indiya ne, a nahiyar Asiya. Kalmar ta fito daga wani tsohon harshe na can mai suna Sanskirit, ma'anarta «haɗawa», kamar yadda ake haɗa shanun noma biyu su ja garma ɗaya. Fiye da shekara 1500 da suka wuce wani masani mai suna Patanjali ya tattara ƙa'idojinta a rubuce.

A Indiya yoga ta taso ne cikin addinan mutanen ƙasar. Mu abin da muka ɗauka a wannan darasi shi ne motsa jiki da sarrafa numfashi kawai, don lafiya. Babu ibada a ciki. Haka likitoci da masu wasanni na ƙasashe da yawa suke amfani da ita. Ranar 11 ga Disamba 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni na kowace shekara ta zama ranar yoga ta duniya. An fara bikin a 2015.

Yoga iri-iri ce. Akwai mai wuya, wadda ake lanƙwasa jiki har a yi gumi. Akwai kuma ta hutawa, wadda mutum zai kwanta ko ya duƙa, ya tallafe jikinsa da bargo ko matashin kai, ya daɗe bai motsa ba. Wanda ya yi suna wajen tallafa jiki da irin waɗannan kaya shi ne Ayengar, wani malami ɗan Indiya da aka haifa a 1918. Yana yaro ya sha fama da zazzaɓin cizon sauro, da tarin fuka, da taifot. Da ya girma ya koyar da yoga a birnin Pune, inda ya buɗe makarantarsa a 1975. Ya lura marasa ƙarfi da tsofaffi ba sa iya yoga mai wuya, sai ya riƙa tallafa su da barguna, da igiya, da guntayen katako. Ya rasu a 2014 yana da shekara 95. Wata ɗalibarsa daga Amurka, Judit Lasata, ta rubuta littafi kan yoga ta hutawa a 1995, daga nan abin ya ƙara yaɗuwa.

Abin da ke faruwa cikin jiki

Yara, ku tuna ranar da kare ya bi ku, ko ranar da malam ya kira ku gaban allo ba ku shirya ba. Zuciya ta buga da sauri, numfashi ya yi sama-sama, baki ya bushe. Jiki ne ya zuba wani sinadari cikin jini, sunansa adirenalin, don ku samu ƙarfin gudu. Wannan yana da amfani lokacin haɗari. Amma in jiki ya wuni cikin wannan hali, abinci ba ya narkewa da kyau, barci ba ya daɗi, karatu ba ya zama.

Akwai kuma wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa, ta sauko ta wuya, ta kai zuciya da huhu da ciki. Likitoci suna kiranta bagus. Aikinta kamar na linzami ne a bakin doki: tana rage gudun zuciya. Duk lokacin da muka shaƙi iska, zuciya tana ɗan ƙara sauri. Duk lokacin da muka fitar da iska, tana ɗan ragewa. Saboda haka idan muka tsawaita fitar da numfashi, kamar mun ja linzamin ne. Wani likitan zuciya na jami'ar Habad a Amurka, Habat Bensin, ya gwada mutane masu zama shiru suna bin numfashinsu. Ya ga bugun zuciyarsu da yawan numfashinsu suna raguwa. Ya bayyana wannan cikin littafinsa na 1975.

Babban mutum mai lafiya, idan yana zaune, zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, yana numfashi sau 12 zuwa 20. Na yara ya ɗan fi haka sauri.

Yadda ake yi

Ba a sayen kome. Ana bukatar tabarma, da bargo ko zane, da inuwa. Ku kakkaɓe tabarmar tukuna saboda kunama. Lokaci mai kyau shi ne da rana bayan an tashi daga lakwal, ko da dare kafin barci. Kada a yi da cikakken ciki. In an sha fura ko an ci tuwo, a jinkirta kamar awa ɗaya.

Na farko, numfashi. Ku zauna, ku ɗora hannu ɗaya bisa cibiya. Ku shaƙi iska ta hanci kuna ƙirga 1 zuwa 4 a zuci, ku ji ciki yana tasowa. Ku fitar da ita sannu kuna ƙirga 1 zuwa 6. Ku maimaita sau 10. Wanda wannan ya yi masa yawa ya fara da 3 da 4. Kada kowa ya riƙe numfashinsa da ƙarfi.

Na biyu, duƙon jariri. Ku durƙusa, ku zauna bisa dugaduganku, ku ɗan buɗe gwiwoyi. Ku naɗe bargo ku ajiye a gabanku. Ku kwantar da ƙirji da ciki a kansa, ku juya fuska gefe ɗaya, hannuwa a sake. Bayan minti 1 ku juya fuska ɗaya gefen. Wannan yana sauke gajiyar baya, wadda ake samu wajen noma da daka.

Na uku, ƙafafu a jikin bango. Ku kwanta kusa da bango, ku ɗaga ƙafafu ku jingina su sama, baya yana bisa tabarma. Ƴan mata su ɗaure zane da kyau, su yi a cikin ɗaki ko cikin gida. Ku tsaya haka minti 3. Jinin da ya taru a ƙafafu saboda tafiya da tsayuwa zai koma wajen zuciya cikin sauƙi.

Na huɗu, kwanciyar rigingine. Ku miƙe bisa bayanku. Ku sa naɗaɗɗen zane ƙarƙashin gwiwoyi, wani ƙarƙashin kai. Tafin hannu ya dubi sama. Ku rufe ido. Ku saki yatsun ƙafa, sannan ƙwauri, cinya, ciki, kafaɗu, haɓa da goshi, ɗaya bayan ɗaya. Tunani zai zo: wasa, aiki, jarrabawa. Kada ku yi kokawa da shi, ku koma ga ƙirga numfashi. Bayan minti 4 ku mirgina gefe, ku dafa ƙasa, ku tashi a hankali. Mai zabura yakan ji jiri.

Ranar farko za ku ga zama shiru yana da wuya. Wani zai yi dariya, wani zai yi ta mutsu-mutsu. Ba kome. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku kula

Idan wani wuri ya yi ciwo, a daina. Mai ciwon gwiwa ya bar duƙon jariri. Mai ciwon ido ko ciwon zuciya kada ya ɗaga ƙafafu sai ya tambayi likita.

Yoga ba ta maye gurbin barci ko abinci. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12 kowace rana. Kuma ba magani ba ce ga zazzaɓi. Idan yaro ya huta ya ci abinci amma gajiya ba ta sake shi ba, ko jikinsa ya yi zafi, ko cikin idonsa da tafin hannunsa sun yi fari, wataƙila zazzaɓin cizon sauro ne ko ƙarancin jini. Sai a gaya wa iyaye da malam, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Abin riƙewa

Hutawa ba lalaci ba ce. Idan muka kwanta shiru muka tsawaita fitar da numfashi, zuciya tana rage gudu, hankali yana kwanciya. Minti kaɗan kowace rana sun fi awa ɗaya sau ɗaya a wata.

Ma'anar kalmomi

Saura: gonar da aka bari ba a noma ba don ta huta.
Rigingine: kwanciya bisa baya, fuska tana duban sama.
Tallafa: riƙe abu daga ƙasa don kada ya faɗi ko ya wahala.
Sinadari: wani abu ɗan kaɗan da ke canza aikin jiki ko ɗanɗanon abinci.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin malalaci da mai hutawa?
2. Daga wace ƙasa yoga ta fito? Ku nuna ta a taswira.
3. Me ya sa Ayengar ya riƙa amfani da barguna da igiya?
4. Me ke samun zuciya lokacin da muke fitar da numfashi?
5. Wace irin gajiya ce take bukatar zuwa asibiti?

Aiki

1. Ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, har ku ji bugun jijiya. Ku ƙirga na daƙiƙa 30, ku ninka sau 2. Ku rubuta a kaye. Ku zagaya filin lakwal da gudu, ku sake ƙirgawa. Sannan ku yi kwanciyar rigingine minti 5, ku ƙirga karo na uku. Ku gwama lambobin uku. Me kuka gani?
2. Idan zuciyar mutum tana bugawa sau 70 a minti ɗaya, sau nawa za ta buga a awa ɗaya? A awa 24 fa?
3. Ku nemo sunayen waɗannan da Faransanci: zuciya, huhu, jini, numfashi, barci.
4. Ku tambayi wani tsoho ko wata tsohuwa a gidanku yadda mutanen da suke hutawa da tsakar rana lokacin noma. Ku rubuta layi 5 da Hausa, ku karanta wa ƴan aji.