Yadda Ake Fitar da Ƙaron Maje a Tace Shi

Ba kowane maje ke ba da ƙaro ba. Wanda ya san daji a ƙasar Zuru, mafarauci ne ko mai ɗiban zuma, yakan wuce ƙananan itatuwa ko kallo ba su ishe shi ba, sai ya ja birki a gindin wani tsoho mai kauri, wanda ɓawonsa mai ruwan toka ya fara ɓamɓarewa. Tabo yake nema: inda gobarar daji ta lasa, ko inda ƙwaro ya huda, ko inda Bafulatani ya sare wa shanunsa reshe. Idan ya ga ƙaro ya ɗiga ya daskare a wajen, to ya san itacen mai kyauta ne.

Da bazara ake wannan aiki, bayan hunturu ya ja jiki, don sanyi yana sa ƙaron ya yi kauri ya ƙi gudu. Ana sassaƙe ɓawo faɗin tafin hannu a gefe ɗaya, a ƙwaƙule ɗan rami mai gangarawa ciki inda ruwan zai taru. Tsofaffin hannu sukan cusa busasshiyar ciyawa a ramin su kunna, ta ɗan ci, su kashe, domin zafin ya tsinka ƙaron ya taho. Masu gaggawa kuwa sai su zagaye gindin da sara, su bar wuta tana ci. Wannan ɓarna ce tsagwaronta, don itacen da aka yanke wa ɓawo a kewaye ya gama yawo. Dama masu gawayi da masu sassaƙa turmi sun rage manyan, ga kuma rashin tsaro ya sa shiga dajin Wasagu da na Sakaba ya zama sai an yi shawara. Bayan 'yan kwanaki da ƙwaƙule ramin, sai a dawo da wuƙa a kankare abin da ya taru.

Abin da aka kankaro abu biyu ne a cakuɗe. Akwai wani mai da ke tashi a iska, shi ke ɗauke da yawancin ƙamshin, sannan akwai asid masu nauyi waɗanda ba sa tashi. Man ne ke kai asid ɗin bakin rauni, ya kori ƙwari, ya gudu ya bar su sun toshe wurin. Haka bishiyar fayin take yi, irin wadda aka dasa a gandun Afaka kusa da Kaduna da kuma kan tsaunukan Jos. A masana'anta tururi ake sa wa ƙaron fayin, man da ke tashi, wato tafintin, ya fice, a bar daskararren da ake kira rozin, wanda yakan kai kimanin kashi 70 cikin 100 na ɗanyen ƙaron. Kusan kashi 90 na rozin kuma asid ne zalla. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne asid abiyetik, mai ƙwayar kabon 20, haidurojin 30 da oksijin 2. Maje, wanda masana ke kira Daniellia oliveri, yana da nasa, asid daniyelik, da aka fara warewa a Faransa a 1961, shi ma kabon 20 gare shi. Asid ɗin biyu dangi ne. Kusan dukkan jikin waɗannan asid halin mai ne da shi, shi ya sa ruwa ba ya narkar da su. Da wannan ma ake gane na gaske a kasuwa: ƙaron dakwara da malamai ke sa wa tawada yana narkewa a ruwa, na maje kuwa ko ya kwana a ciki yana nan yadda yake.

A wajen tacewa ne ake sanin gwani. Bayan an tsince ɓawo da tururuwa, an farfasa manyan curi, an shanya a inuwa, sai a zuba a tsohuwar tukunyar ƙasa ko gwangwani, ba tukunyar miyar uwargida ba, in ana son zaman lafiya. Garwashi ake so, garwashin ma wanda toka ta fara rufewa. Harshen wuta ba ya kusantar wurin, domin tururin da ke tashi yana kamawa nan take. In ko ya kama, murfi ake kifawa. Wanda ya watsa ruwa, ƙaro mai wuta zai fantsamo masa.

Tun kafin zafin ya kai na tafasar ruwa ƙaron zai fara laushi. Daga nan sai kumfa, da ƙarar tsartsatsi, wato sauran danshi ne ke fita. Kada a juya da ƙarfi, a bar shi. Kumfar tana kwantawa, saman zai yi garau kamar zuma a kwalba, wani siririn farin tururi mai daɗi ya riƙa tashi. Daga wannan lokaci zuwa lalacewa tazarar kaɗan ce ƙwarai. Na ga masu wannan aiki ba sa ko amsa sallama a daidai nan. Da hanci suke aiki fiye da ido: da zarar ƙamshin ya soma kartar maƙogwaro, hayaƙin ya yi duhu, to man ya tsere, asid ɗin sun fara ƙonewa, abin da zai rage baƙin dunƙule ne mai ƙauri.

Gwajin da tsinke ake yi. A ɗiga ɗaya a ruwan sanyi, a ɗauko a matsa da farce. Idan ya miƙe yana danƙo, da sauran mai a jikinsa, kuma haka mai turaren wuta take so, don ta haɗa da kajiji da jema ya daɗe yana ƙamshi a kasko. Idan ya fashe ƙas, ya zama gari, ya yi daidai da wanda za a goga wa izgar goge don ta kama tsirkiya, aikin da rozin ke yi wa masu kiɗan bayolin a Turai. Sai a sauke, a tsiyaye ta rariyar waya da aka ɗumama, don mai sanyi toshewa take yi tun ba a kai rabi ba. A kan faranti da aka shafa wa ɗan mai ake zubawa.

A curi ake ajiye shi, cikin kwalba mai murfi, nesa da rana. Kada a daka sai ranar amfani, saboda iska tana cin garin da sauri, ya yi duhu, ƙamshin ya mutu. Mai son ya ji na fayin ya kwatanta ba sai ya je Afaka ba. Ya tsaya kusa da mai gyaran waya a kasuwar Zuru. Ɗan farin hayaƙin nan da ke tashi idan ya ɗora ƙarfensa mai zafi a kan wayar dalma, rozin ne da aka ɗura a cikinta, asid ɗinsa ke cinye tsatsar tagulla don dalmar ta kama.

Hannu kuwa, ruwa da soso ba za su fitar da danƙon ba. Man gyaɗa ko kananzir ake fara murzawa, sannan a bi da sabulu.