Rayuwar 'Ya'yan Kifin Kod a Gaɓar Teku

Waɗanda suka taɓa zuwa kasuwannin kurmi a cikinmu sun ga wani busasshen kifi mai tauri kamar itace, wanda jirage ke kawowa daga ƙasar Norwe. Yawancinsa kifin nan ne da Turawa ke kira kod, mazauninsa kuwa arewacin Tekun Atilantika. To, bari mu duba ƙuruciyarsa.

Babbar mace guda takan saki ƙwai miliyoyi, su yi ta yawo a saman ruwa mako biyu ko uku kafin su ƙyanƙyashe. In ruwan ya yi sanyi ƙwarai, sai su daɗe. Abincin 'ya'yan na fari waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu ne, dangin jatan lande, da ƙyar ido ke ganinsu. Bayan 'yan watanni, sa'ad da ɗan kifi ya kusa tsawon ɗan yatsa, sai ya sauka ƙasa a gaɓa, ya ɓuya cikin ciyawar teku da duwatsu, yana cin tsutsa da ƙananan ƙaguwa. Ɓuyan nan wajibi ne, gama manyan kod ba su jin kunyar cinye ƙannensu.

Abin mamaki shi ne juriyarsu. Ruwan teku, saboda gishiri, ba ya daskarewa sai ya kusa digiri 2 ƙasa da sifiri. A gaɓar Niyufanlan, a Kanada, manya da yawa sukan guje wa irin wannan sanyi su nufi zurfi, amma ƙanana su zauna, domin hantarsu tana sarrafa wani sinadari mai hana ƙanƙara yaɗuwa cikin jini. Ta wajen ɗumi ma sun fi iyayensu: ƙarami ya fi saurin girma wajen digiri 15, babba kuwa wajen 7. Mu da muka saba da tarwaɗa, duk wannan ruwan randa ne da hunturu.

Amma fa ɗumi na ƙara yunwa. Tun wajen 1985 Tekun Arewa, tsakanin Ingila da Norwe, ya ɗumama, halittun da 'ya'yan suka fi so suka ja arewa. Waɗanda suka maye gurbinsu ba su da mai sosai, kuma ba sa yawaita sai lokacin bukata ya wuce. Ga ciki na nema, ga abinci ya ragu, sai 'ya'yan da ke kaiwa shekara suka yi ƙaranci, masunta kuma suka gani a komarsu.