Ciyawar da Irinta Ke Shuka Kansa

Tambaya: Malam, ina zaune a Kalifoniya. Wata ƙaramar ciyawa mai fure ruwan hoda ta mamaye min lambu. Na nome ta bara, ga ta nan ta dawo. Wace ce ita, kuma yaya zan yi da ita?

Amsa: Malam, bayaninka ya yi daidai da Erodium cicutarium, 'yar dangin jeraniyam. Asalinta ƙasashen gaɓar Bahar Rum ne. Tun ƙarni na 18 ta isa Kalifoniya, yau kuwa ta bazu a yammacin Amurka.

Durƙusa ka duba ta da kyau. Ganyenta tsattsage ne, yana shimfiɗe a ƙasa a zagaye, har wani kan ɗauka karas ne ya fito. Karanta ja ne mai gashi. Faɗin furen kusan santimita ɗaya ne, kunnuwansa biyar. Bayan furen ya kaɗe sai a ga dogon tsinke kamar bakin shamuwa.

Matsalarka tana jikin wannan tsinken. In ya bushe sai ya tsage gida biyar, ya wurgar da iri kusan rabin mita. Kowane iri yana da wutsiya mai murɗewa idan iska ta bushe, ta warware idan raɓa ta sauka. Murɗewa da warwarewar nan ne ke tura irin cikin ƙasa, ba sai wani ya binne shi ba. Ni dai ban ga laifin mai sha'awar wannan dabara ba, muddin ba a lambunsa take ba.

Ciyawar shekara ɗaya ce. Takan tsiro bayan ruwan farko na kaka, ta yi hunturu a kwance, ta yi fure daga ƙarshen sanyi. Wanda ya jira ya ga fure ya makara. Ka tuge ta tun tana shimfiɗe, ƙasa na da laima, ka tabbata saiwarta mai zurfi ta fito duka. Sannan ka rufe wurin da ciyayi busassu ko ɓawon itace mai kauri, don irin da ke ƙasa kada ya sami haske. Wadda ta riga ta yi tsinke, zuba ta a leda ka jefar, kada ta shiga takin gargajiyarka. Irinta kan daɗe a ƙasa, don haka aikin zai ɗauki 'yan shekaru.

Idan kana kiwo, tumaki da shanu na cinta sosai tana ɗanya, amma busasshen irin kan maƙale a gashin tumaki.