Yadda Ake Saƙa Kwandon Geza

Wanda duk ya ratsa gonakin Bakori da kaka, sa'ad da ake cirar auduga da karyar masara domin kaiwa kasuwannin Funtuwa da Malumfashi, zai tarar manomi ba ya rabuwa da kwando, alhali kuwa ƙalilan ne ke tsayawa su yi nazarin hikimar da ke cikin saƙarsa.

Masaƙi yakan nufi fako ko gindin dutse inda geza ke tsirowa, ya zaɓi tsumagu miƙaƙƙu masu kaurin ƙaramin yatsa, ya sare, ya zage ganyen, sa'an nan ya ajiye su a inuwa su sha iska. Domin ɗanya sharaf takan tsuke idan ta bushe har saƙar ta saki, busasshiya kuma ba ta lanƙwasuwa sai an jiƙa ta.

Daga gindi ake farawa, kuma a nan gwani ke bambanta da ɗan koyo. Yakan giciye masu kauri bisa juna a ƙasa, ya danne da tafin ƙafa, ya ɗauki siririya yana zagayawa da ita, ta bi saman wannan ta shige ƙarƙashin waccan, har faɗin ya kai yadda ake bukata. Daga nan ya tanƙwaro masu kaurin sama a hankali, ya ci gaba da zagaye, yana danna kowane layi da babban yatsa don kada a bar kafa. In ya kai baki, sai ya murɗe sauran tsumagun ya cusa su ciki, kuma wajibi ne ya kyautata wannan wuri, gama nan hannu ke kamawa.

A ganina falalar kwando tana cikin sassaucinsa, domin in an sauke kaya da ƙarfi yakan lotsa ya komo. Saboda wannan dalili ne masu ƙera balan-balan mai tashi da iska mai zafi, wanda ya fara ɗaukar mutane a birnin Faris a 1783, har yau suke saƙa mazaunin fasinja da wani irin kara mai lanƙwasuwa na dazuzzukan Asiya, tun da yake saƙa tana shanye dukan ƙasa wajen sauka. Sukan ratsa wayoyin ƙarfe ta ƙarƙashin daɓen katako su ɗauki nauyin, su naɗe gindin da ƙirgi saboda gurzar ƙasa, bakin kuma da fata mai laushi.