Maganin farfaɗiya ya canza halin ɗana, ina mafita?

Tambaya: Ni uwa ce daga wajen Kalfu. Ɗana mai shekara bakwai yana da farfaɗiya, wata takwas ke nan yana shan Gardenal. Faɗuwar ta ragu, amma yaron ya zama wani daban: ba ya zama wuri ɗaya, yana dukan ƙannensa, mushensa, wato malamin ajinsu, ya koro shi har sau biyu. Na kai kuka wurin likita, ya ce in ci gaba kawai. Uwar mijina ta ce iska ce, a bar ƙwaya. Maƙwabciya kuma ta ce in sayo masa maganin barci wurin masu talla. Babansa yana Abijan wurin biɗa. Ya zan yi?

Amsa: Abin da idonki ya gani gaskiya ne. Gardenal, wato fenobarbital, shi aka fi bayarwa a ƙauyukan Adar saboda arha da sauƙin samu, kuma yana hana faɗuwa. Sai dai a jikin wasu yara yana haddasa ƙiriniya, saurin fushi da kasa natsuwa a aji. Ba iska ba ce, ba kuma rashin tarbiyya ba.

Duk da haka, kada ki tsai da maganin da kanki ko da na kwana ɗaya. Yanke shi farat ɗaya yana iya dawo da farfaɗiyar fiye da da, har ta zo a jere ba tsayawa, wadda kan kai ga rasa rai. Maganin barci na bakin kasuwa kuwa, irin su diyazefam, idan ya haɗu da Gardenal yana danne numfashin yaro. Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Ki samu ƙaramin littafi, ki sa wani mai karatu ya riƙa rubuta miki har sati biyu: ranar da ya faɗi, lokacin shan magani, yadda yake barci, da abin da ke tayar masa da rigima. Ki koma da littafin da kwalin maganin, ki ce wa likita: "Tun da ya fara wannan ƙwaya halinsa ya canza. A sake auna nauyinsa, a duba ko adadin ya yi masa daidai, ko akwai wani." Akwai Depakine da Tegretol, amma likita ne ke zaɓa, kuma a hankali ake sauyawa. Idan ba ki gamsu ba, haƙƙinki ne ki nemi takardar turawa zuwa babban asibitin jihar Tawa.

A gida, ki tsayar masa da lokacin barci da na cin abinci, ki yaba masa duk sanda ya natsu, a daina bulala. Ki sa babansa ya kira kakar yaron ta waya ya fahimtar da ita. Addu'a da magani ba sa karo. Ki kuma sanar da mushensa halin da ake ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har zuwa kashi 70 cikin ɗari na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace. Ki koma asibiti bayan sati biyun, littafinki a hannu. Allah ya ba shi lafiya.