Hawan Lebul a Wasannin Intanet: Da Gudu ko a Sannu?

Darasinmu na wannan fitowar ya shafi wata muhawara da ba ta ƙarewa tsakanin masu buga gem, musamman irin wasannin nan da dubban mutane ke haɗuwa a duniya guda ta intanet, kowa da jaruminsa, ana yaƙi da dodanni, ana fatauci, ana kafa ƙungiyoyi. Tambayar ita ce: tsawon wane lokaci ya kamata mutum ya ɗauka kafin ya hau daga wannan lebul zuwa na gaba? Wani zai ce wannan ai zancen 'yan wasa ne. To, amma a cikinta akwai lissafi, akwai sanin halayyar ɗan Adam, akwai kasuwanci, sannan akwai lokacinka da kuɗin datarka. 'Yan sashen kimiyyar kwamfuta da ke tunanin yin gem a matsayin furojet su matso kusa, ku ma masu bugawa kawai kada ku buɗe shafi na gaba.

Mene ne lebul ɗin ma tukuna?

Tsarin ya girmi intanet ɗin da muka sani. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi a kan tebur da takarda da fensir. A nan aka yaɗa dabarar: ka yi wani aiki, a ba ka maki; makin ya kai wani adadi, ka hau mataki, ƙarfinka ya ƙaru. Wasannin kwamfuta suka gaji wannan tsari har yau.

A ganina lebul na yin ayyuka huɗu. Na farko, malami ne: yana ba ka makamai da dabaru ɗaya bayan ɗaya don kada a jibge maka komai rana guda. Na biyu, maigadi ne: yana hana sabon shiga kutsawa inda za a murƙushe shi nan take. Na uku, lada ne: ƙarar nan da hasken da ke tashi idan ka hau, su ne ke sa ka ce "bari in ƙara kaɗan". Na huɗu, shaida ne: kowa ya ga lambar da ke gefen sunanka ya san wahalar da ka sha. Duk rigimar sauri ko jinkiri daga nan take, domin ayyukan nan huɗu ba gudu ɗaya suke so ba. Lada na son sauri, shaida na son jinkiri.

Mu ɗan taɓa lissafi

Ƙa'idar ba ta da wuya: lokacin da za ka ɓata shi ne makin da ake buƙata, a raba shi da makin da kake samu a awa guda. Saboda haka mai tsara wasa yana da igiya biyu a hannunsa, ko ya ja yawan makin da ake nema, ko ya ja yawan wanda ake samu.

Misali mafi kyau shi ne RuneScape, wanda kamfanin Jagex na Ingila ya fitar a 2001. A cikinsa kowace sana'a, kamar kamun kifi, saran itace ko ƙira, tana da nata lebul. Don hawa lebul 2 maki 83 kawai ake buƙata. Don kaiwa 99 kuwa sai ka tara 13,034,431. Makin yana ninkawa kusan duk bayan lebul bakwai, wato kowane hawa ya fi na bayansa da kimanin kashi 10 cikin 100. Me hakan ke nufi? Wanda ya kai lebul 50 yana da maki 101,333, ko kashi 1 cikin 100 na tafiyar bai yi ba, alhali shi yana ganin ya raba hanya biyu. Rabin hanya na gaskiya yana lebul 92. Kuma hawa ɗaya tak daga 98 zuwa 99 ya fi duk abin da ka tara daga 1 zuwa 75. Hangen Dala ke nan, ba shiga birni ba.

Yanzu mu mayar da shi awoyi. A ce kana samun maki 50,000 a awa, tun daga farko har ƙarshe. Kana buƙatar awa 261. Mai zama awa takwas kullum zai gama cikin kusan kwana 33. Ɗalibin da ke da awa ɗaya a rana, idan wuta da data sun yarda, sai ya yi wata takwas da 'yan kai. In kuma kwas ɗinka awa uku ne a mako na tsawon mako 15, awa 45 ke nan. To awa 261 ɗin nan ta kusa lakcocin kwasa-kwasai shida cur. Sana'a ɗaya fa ke nan, a wasan da ke da sana'o'i sama da ashirin.

Hujjar masu cewa a tafi a sannu

Kada mu yi saurin yi musu dariya, suna da magana. EverQuest, wanda ya fito a 1999, ya yi suna wajen tsanani. Idan jaruminka ya mutu za ka yi asarar maki, har kana iya zamowa daga lebul ɗin da ka hau, sannan ka koma neman gawarka don kwaso kayanka. Wannan wahalar ta tilasta wa mutane haɗa kai, domin yawancin jarumai ba sa iya ci gaba su kaɗai. Wanda kuka yi makonni kuna farauta tare a daji ɗaya ya zama aboki, kuma wanda ya ci amana sunansa ya ɓaci a wajen kowa.

Akwai kuma hujja ta zahiri. A 2013 Jagex ta dawo da tsohon RuneScape na 2007, da sunan Old School RuneScape, bayan 'yan wasa sun kaɗa ƙuri'a. A 2019 kamfanin Blizzard ya dawo da World of Warcraft irin na asali, mai jan ƙafa, kuma a ranakun farko sai da mutane suka yi ta jira a layi kafin su samu shiga. Ashe akwai jama'a da yawa da ke neman wahalar da kansu. Dalilinsu shi ne abin da aka samu a ɓagas ba ya da daraja. Kowa ya ci zomo ya ci gudu; idan an miƙo maka zomon a faranti, ba ka da labarin bayarwa.

Hujjar masu cewa a yi sauri

Su ma ba ragwaye ba ne. Matsalar ita ce wasa yana tsufa. World of Warcraft ya fara a 2004 da iyakar lebul 60. Duk sabon kashi da aka fitar sai a ɗaga iyakar, har ta kai 120 a 2018. Ka ɗauka abokinka ya gayyace ka. Shi yana can ƙoli tare da kowa, kai kana ƙasa a garuruwan da suka zama kufai, ba mai taya ka yaƙi. Wasan da aka yi don jama'a ya koma na kaɗaici. Ga shi kuma da yawan lebul ɗin nan, sai ka hau biyar a jere ba a ba ka wani sabon abu ba, lamba ce kawai ke canzawa. Shi ya sa a 2020 Blizzard ta matse lambobin: masu 120 suka koma 50, sabuwar iyaka ta zama 60.

Sannan akwai abin da 'yan wasa ke kira niƙa, wato maimaita abu ɗaya ba tunani, ka kashe kerkeci ɗari biyar iri ɗaya don kawai sandar maki ta cika. A nan lebul ya daina koyarwa, ya zama haraji a kan lokacinka. Wanda ba shi da aiki ya wuce wanda ya fi shi iya wasa, don kawai ya fi shi zaman banza.

Sai dai saurin ma na da nasa ciwon. Mutum ya kai ƙoli cikin kwana biyu, yana riƙe da dabaru talatin bai san amfanin goma ba, ya shiga ƙungiya ya jawo a hallaka kowa. Sauri ya haifi nawa.

Dabarun da masu tsarawa suka gwada

Ladan hutu. A World of Warcraft na asali, idan ka bar jaruminka a masauki ko a birni ka fita, yana tara hutu, kuma in ka dawo makin kashe dodanni zai ninka na ɗan lokaci, har zuwa iyakar lebul ɗaya da rabi. Rob Pardo, ɗaya daga cikin jagororin tsara wasan, ya ba da labarin cewa a lokacin gwaji tsarin hukunci ne: ka daɗe kana wasa, a rage maka maki. Mutane suka tsane shi. Sai aka juya sunayen, aka kira ƙaramin adadin "daidai", babban kuma "ladan hutu", sai aka karɓe shi hannu bibbiyu. Darasi ke nan ga duk mai ƙera manhaja: yadda ka gabatar da lamba yana da nauyi kamar lambar kanta.

Gajeren tsani. Guild Wars na 2005 ya tsayar da iyaka a lebul 20, ya bar gasar ta koma kan zaɓen dabaru da iya wasa. Guild Wars 2 na 2012 ya kai 80, amma idan babba ya sauko yankin ƙanana sai a rage masa ƙarfi ya dace da wurin. Ta haka tsohon hannu da sabon shiga za su yi wasa tare ba wanda ya zama ɗan kallo. Final Fantasy XIV ma na yin irin wannan daidaitawa.

Agogo maimakon gumi. A EVE Online, na kamfanin CCP da ke ƙasar Aislan, wanda ya fito a 2003, ƙwarewa na ƙaruwa ne da tafiyar lokaci, ko kana ciki ko kana barci. Mai awa ɗaya da mai awa goma sun yi kunnen doki ta wannan fuskar, sai dai wanda ya riga ka shiga da shekaru ya riga ka.

Sayar da tsallake. Kamfanoni da dama, har da Blizzard, suna sayar da damar ɗaga jarumi zuwa babban lebul nan take. A nan nake so ku buɗe ido, musamman a wasannin waya da ake cewa kyauta ne. Idan kamfanin da ya tsara jinkirin shi ne kuma ke sayar da maganinsa, to yana da riba a cikin gajiyarka. Alamar ita ce kwanakin farko ka yi ta hawa kamar an kunna maka inji, sai ka saba, sannan tafiyar ta tsaya cik daidai lokacin da tallan garaɓasa ya fara leƙowa.

Har gwamnati ta taɓa sa hannu a wannan igiya. A 2007 ƙasar Sin ta wajabta wa kamfanoni tsarin da ke rage wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 rabin ladan wasa bayan awa uku, ya hana su gaba ɗaya bayan awa biyar. Wannan ya nuna cewa gudun hawan lebul yana juya yadda mutane ke kashe ranarsu.

To, ina na tsaya?

Ra'ayina shi ne gudun hawa ya bi gudun koyo. A farko a yi sauri, hawa cikin 'yan mintuna, domin sabon shiga yana koyon abubuwa masu sauƙi kuma yana buƙatar abin da zai riƙe shi. A tsakiya a sassauta, yadda duk sabuwar dabara za ta samu lokacin zama a hannu kafin wata ta zo. Kowane hawa ya zo da wani abu da za a gani. In babu abin bayarwa, a rage yawan lebul ɗin. Jarumi na biyu ya fi na farko sauri, tunda mai shi ya riga ya yi karatun. Jinkiri mai tsawo kuwa a ajiye shi ga abubuwan ado da alfahari, waɗanda ba sa hana mutum wasa da abokansa. Sannan zaman awa ɗaya ya isa mutum ya ga ya motsa, don kada wasa ya zama na marasa lakca kaɗai.

Aikin gida

Ga masu son gwadawa, buɗe Excel ko ka rubuta 'yar manhaja. A ce wasanka na da hawa 30, na farko minti biyar ne. Idan kowane hawa ya fi na baya tsawo da kashi 10 cikin 100, jimillar ta kusa awa 14, kuma hawan ƙarshe minti 79 ne. Mayar da shi kashi 15, za ka ga kimanin awa 36. Mayar da shi kashi 20, tafiyar ta haura awa 98, hawan ƙarshe shi kaɗai ya wuce awa 16. Dubi yadda ɗan canji a lamba ɗaya ya mayar da wasan ƙarshen mako ya zama na zangon karatu guda. Sai ka tambayi kanka: ina da sabbin wurare, labari da abokan gaba da za su cika awoyin nan? In amsar a'a ce, niƙa ka tsara.

Ku kuma masu bugawa, naku aikin ya fi sauƙi. Ɗauki gem ɗin da ke wayarka, ka auna awa nawa hawanka na ƙarshe ya ci, ka rubuta sabon abin da ka koya ko ka more a cikinsa. In takardar ta cika, madalla, ka ci gaba bayan ka gama asamen. In kuwa ba ka samu abin rubutawa ba, to ka san lokacinka ake ci, ga jarrabawa na ƙaratowa. Duk wanda ya yi lissafin ya aiko da sakamakonsa ofishin mujalla, mu duba tare a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.